Ƙofar Bayan Gidan Auta

Auta tana tsakiyar yi wa wani dattijo bayanin yadda zai sha maganin hawan jini, a kantin maganin da take aiki, wayarta ta fara ruri a aljihu. Ta share, aka sake kira. Da ta duba ta ga maƙwabciyarta ce, wadda duk layinsu ke kira Maman Biyu, sai ta ja tsaki a ranta, don matar in ta kama zance sai cajin waya ya ƙare. Amma wannan karon maganar gajera ce. Ta ce ta fito shanya ne ta leƙa lungu ta hango ƙofar bayan gidan Auta tana reto kamar haƙorin yaro mai famfara, ta yi sallama ba a amsa ba, don haka Auta ta bar abin da take yi ta zo yanzu.

Ko da Auta ta iso, ta tarar Maman Biyu ta ɗauko kujerarta ta roba ta dasa a bakin ƙofar, da wata ƙatuwar sanda a kan cinya. Tun da ta yi wayar ba ta motsa daga wurin ba, har girkinta ya kama. Ita ce ta riƙe hannun Auta suka shiga tare.

An zazzage durowa a tsakar ɗaki, an kifar da katifa, an watsar da littattafan yara. Inda talabijin yake babu komai sai waya tana lilo a bango. An tafi da tukunyar gas, da dutsen guga, da bargo mai kyau, wanda da alama a cikinsa aka ƙunshe sauran kayan. Duk wannan Auta ta kalla da busasshen ido. Sai da ta buɗe ɗan akwatin da take ajiye agogon marigayi mijinta ta ga wayam, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. 'Yan sanda sun zo, sun dudduba, sun yi tambayoyi, sun ce za su bincika. Kafin magariba Maman Biyu ta sa mijinta ya tokare ƙofar da tebur daga ciki, ta kuma ce ko da wasa Auta ba za ta kwana a nan ita kaɗai ba, ta ja ta zuwa gidanta.

Asarar kayan ta yi wa Auta ciwo, amma akwai abin da ya fi cin ranta, shi ne yadda labarin zai isa kunnen mahaifinta. Lokacin da mijinta ya rasu, Baba ya ce ta tattaro 'ya'yanta biyu ta dawo gida, ga ɗakinta nan ba wanda ya shiga. Ita kuwa ta ce a'a. Gidan nan ita da mijinta suka gina shi bulo bayan bulo, ga aikinta kusa, ga yara sun saba. Baba ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya dube ta ya ce, "To." Wannan "to" ɗin kuwa ta fi zagi nauyi. Tun daga ranar maganarsu ta koma gaisuwa: ina kwana, yaya yara, ga Innarki. Da yaran suka tafi makarantar kwana ta zama ita kaɗai a gidan, bai ƙara cewa komai ba, amma tana jin shirun nasa ta cikin waya.

Yanzu ga ɓarayi sun ba shi gaskiya. Don haka babban yayanta kaɗai ta gaya wa, ta roƙe shi ya rufa mata asiri har ta samu ta gyara ƙofar. Ya rantse mata ba mai ji. Ta manta Yaya yana riƙe sirri ne kamar yadda kwando ke riƙe ruwa.

Bayan kwana biyu, da hantsi tana share gilashin da ya fashe a kicin, ta ji sallamar da ta sani tun tana goyo. Baba ne tsaye a ƙofar gaba, da 'yar ƙurar hanya a takalminsa, ya rataya tsohuwar jakarsa ta kayan aiki. Kafinta ne shi, ya yi shekaru yana haɗa ƙofofi da gadaje kafin ya rufe shago. Rabon da ta ga jakar nan har ta manta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi jakar ta ji nauyinta kamar an cika ta da duwatsu, ta yi mamakin yadda ya sha hanya da ita daga tasha.

Ta dafa masa shayi a kan ɗan rishon da Maman Biyu ta ara mata. Ya jajanta mata, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ce tun da ba ta gida lokacin da suka shigo, an gode Allah, kaya ai nema ake yi. Ta sunkuyar da kai tana jiran sauran maganar. Ta riga ta shirya amsoshinta tun jiya, ta jera su kamar kwalaben magani. Ya kurɓi shayin, yana riƙe da kofin da hannu biyu, ya ajiye.

"Nuna mini ƙofar," in ji shi.

Ya daɗe a tsugune gaban ƙofar bayan. Kwaɗon da ta kulle da shi yana nan daram, ko ƙwarzane babu. Ƙarfen da aka rataya shi ne ya fita daga jikin katako gaba ɗaya, da 'yan gajerun notinansa da ba su kai gaɓar yatsa ba. Baba ya tsinci ɗaya ya ɗora mata a tafin hannu, ya ce ta ga abin da ke gadin gidanta duk shekarun nan. Ya danna farce a jikin firam ɗin ƙofar, katakon ya lotsa kamar burodi, don ruwan sama ya daɗe yana cinsa ta ƙasa. Ya ce ba wani gwanin ɓarawo ba ne ya zo, ƙafa ɗaya aka sa, kuma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan ya ce ta biyo shi, yau shi ne ɓarawon. Ya fita waje ya tsaya a kan layi, hannuwansa a baya, yana kallon gidan kamar bai taɓa ganinsa ba. Suka zagaya a hankali. Ya nuna mata tsohon duro da ta jingina a ƙarƙashin tagar kicin tana tarar ruwa, ya ce ta kyauta, ta ajiye wa baƙi tsani. Ya nuna mata furannin da suka yi duhu a lungun baya, har mutum zai iya tsayawa a bakin ƙofar ya yi abin da ya ga dama ba wanda ya hango shi. Ya sa ɗan yatsa ya tura tagar banɗaki daga waje, ta buɗe ba musu. A ƙofar gaba kuwa ko tambaya bai yi ba, ya sa ƙafa ya ture tukunyar fure, ga mabuɗin da take ajiye wa yara kwance a ƙasa. Auta ta rufe fuska da mayafi. Ya yi 'yar dariya ya ce kada ta ji kunya, Innarta ma haka take yi, duk duniya a ƙarƙashin tukunya ɗaya ake ɓoye mabuɗi.

Suka tafi shagon kayan gini tare. Mai shagon ya ciro wani kwaɗo mai ƙyalli kamar zinariya yana kurantawa, Baba ya auna shi a hannu ya mayar masa, ya ce wannan ado ne, a kai wa amarya. Ya zaɓi sakata biyu masu kauri, da hinji uku na rataya ƙofa, da dogayen notina masu tsawon yatsa, da wani faffaɗan ƙarfe da za a lulluɓe wurin kulle da shi. A wurin masu katako ya bi tarin yana ƙwanƙwasa kowane da bayan yatsa yana saurare, har ya samu wanda ya yi masa amo mai kyau, ya sa aka yanka masa daidai awon da ya ɗauko.

Bayan azahar suka fara. Cire ruɓaɓɓen firam ɗin bai ba su wuya ba, shi da kansa yake neman faɗuwa. Baba ya sa ƙarfe zai ɓanɓare ɓangaren dama, sai Auta ta ga ya dakata ya matso da fuskarsa. A jikin katakon, daga ciki, akwai 'yan layuka na fensir, wani bisa wani, kowane da harafi a gefensa. Marigayin ne yake tsayar da yaran a nan yana auna tsayinsu. Layin ƙarshe bai wuce ƙirjin Auta ba, alhali yanzu babban ya kusa kamo ta. Ita kanta ta daina ganin layukan saboda sabo. Baba bai tambaye ta komai ba. Ya ajiye ƙarfen, ya ɗauko zarto, ya ce ta riƙe masa nan, suka yanke wannan gefen a hankali, ya goge shi da hannun rigarsa ya jingina a bango can nesa da ƙura.

Sabon firam ya shiga, suka daidaita shi, suka cusa masa 'yan guntayen katako ya tsaya. Saura ɗaura hinji. Baba ya sa alama da fensir, ya ɗauki noti da hagu, sukudireba da dama. Notin ya faɗi. Ya tsince shi ya sake saitawa, bakin sukudireban ya riƙa rawa a kan notin yana ƙwas-ƙwas, ya kasa shiga tsagar. Ya sake faɗuwa, ya gangara ƙarƙashin kabad.

A nan ne Auta ta dubi hannuwan mahaifinta da kyau. Rawa suke yi, ba kaɗan ba, daga wuyan hannu har yatsu, kamar ganye a iska. Inna ta taɓa ce mata hannun Babanku ya fara ba shi matsala, ta ɗauka irin ciwon tsufa ne da ake shafa wa man zafi. Ita da take yini tana ba mutane magani, ba ta taɓa tsayawa ta duba nata uban ba. Ta san in ta ce sannu, ta gama da shi. Sai ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin kabad tana laluben notin, ta daɗe tana nema ko da yake tun farko ta taɓa shi.

Da ta ɗago, ta tarar ya juya sukudireban yana miƙo mata ta wajen mariƙi.

"Ungo. Ni zan zama ido, ke ki zama hannu."

"Baba, ban iya ba."

"Wa aka haifa da iyawa? Matso nan. Ki tsaya sosai, ki buɗe ƙafa."

Haka aka yi. Ya koya mata ta fara huda ɗan rami da abin huda katako, irin wanda ake juyawa da hannu, don kada sabon katakon ya tsage. Ya ce ta goga wa bakin notin sabulu. Ya ce kada ta yi kokawa da shi da wuyan hannu, ta jingina nauyin jikinta a kai ta bar kafaɗa ta yi aikin. Na farko ya shiga a karkace, ya ce ta cire. Na biyu ma ya ce ta cire. Ta ji kamar ta yi kuka, ga zufa na shiga mata ido, ga tafin hannunta ya fara zafi. Na uku ya shige sumul, ya ratsa firam ya kama bango, ta ji shi a hannunta lokacin da ya cije. Baba ya shafa kan notin da babban yatsa ya ce, "Uhm." Tun tana ƙarama ta san wannan "uhm" ɗin. Yaran shagonsa sai su yi wata ba su samu ɗaya ba.

Suna aiki yana ba ta labari, abin da ba ta saba ji daga bakinsa ba. Ya ce 'ya'ya maza uku ya haifa, ya yi zaton ko ɗaya zai gaji jakar nan, amma babban in ya riƙe guduma sai ka tausaya wa yatsunsa, na biyun ya ce ƙurar katako na sa shi atishawa, na ukun kuwa ko hanyar shagon bai riƙe ba. Ya ce ita ce kullum take maƙale a bakin shagon tana ware masa ƙusoshi manya da ƙanana a gwangwani, shi kuma yana korarta wai kada ta ji ciwo. Sannan ya ce da ya sani da bai kore ta ba. Auta ta ce ai ga shi yanzu ya kama ta aikin dole ba ko sisin lada. Ya ce ladan almajirin kafinta ai bororo ne a hannu, kuma ta fara karɓa.

Kafin rana ta faɗi ƙofar ta hau. Sakata ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, faffaɗan ƙarfen ya rungume wurin kulle ta yadda ba inda za a zura wani abu a ɓanɓare. Suka mirgina duron zuwa can gefen katanga, Auta ta sassare furannin har lungun ya yi haske, ana hango ƙofar tun daga tagar Maman Biyu. Baba ya ce da gangan ya so haka, don duk sakatar da suka ɗaura ba ta kai idon matar nan ba. Ya ce ya ji abin da ta yi ranar da abin ya faru, maƙwabcin da zai bar tukunyarsa ta ƙone don ya tsare ƙofar wani ba a samunsa a shagon kayan gini. Auta ta tuna sau nawa ita kanta ta sauya hanya don gudun surutu in ta hango matar, ta ji kunya ta rufe ta. Da yamma ta ɗauki mabuɗin da yake kwana a ƙarƙashin tukunya ta kai mata ajiya. Maman Biyu ta karɓa ta ɗaure a bakin zani, ta ce ko mijinta ba zai san inda yake ba, sannan ta riƙe Auta da labarin ƙanwar mijin nata har sai da Baba ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ranar Baba ya kwana a ɗakin yara, Auta kuma ta kwana a nata ɗakin, karo na farko tun da aka shiga gidan. Ta yi zaton za ta yi ta juyi tana sauraren motsi. Sai farkawa ta yi ta ga gari ya waye, kafaɗunta na ciwo, tana jin tarin Baba daga tsakar gida.

Da safe mai walda ya zo, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a da mijin Maman Biyu ya kirawo. Ya auna tagogin ya ce zai yi musu ƙarafa a toshe su ruf, ko ɓera sai ya nemi izini. Baba ya ce ya yarda, amma ban da tagar ɗakin kwana da ta ɗakin yara. Waɗannan a yi musu ƙarfe mai buɗewa, da sakata daga ciki inda hannu ba zai kai ba ta waje. Mai walda ya ce hakan ya fi cin aiki, kuma yawancin mutane ba sa nema. Baba ya ce gidan da ɓarawo ba zai shiga ba ya yi kyau, amma in wuta ta tashi a kicin, ta ina jikokinsa za su fita? Mai walda ya sosa ƙeya ya ce wannan gaskiya ne, shi ma gidansa a toshe yake ruf, bari ya koma ya duba. Suka yini suna musu a kan kaurin rodi da tazarar da za a bari tsakani, kowa na kiran ɗan'uwansa maigida, har suka rabu suna abokai.

Sauran aikin na Auta ne. Ita ta sauya sakatun tagogi, ita ta ƙara wa ƙofar gaba dogayen notina, ita ta hau kujera ta ɗaura fitila a saman ƙofar baya, Baba na riƙe da kujerar yana ce mata hagu, dama, ya isa. Maman Biyu da ta leƙo ta gan ta da guduma a hannu da fensir a bayan kunne, ta riƙe haɓa ta ce to, tun da gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ita ma za ta shafa wa nata ruwa, sai Auta ta zo ta duba mata tata ƙofar. Baba ya ce a bi layi, sabon kafinta ne, aiki ya yi masa yawa. Guntun katakon nan mai layukan fensir kuwa, shi ya zaɓa masa wuri a bangon falo kusa da ƙofar ɗakin yara, ya auna daga ƙasa don tsayin ya zauna daidai yadda yake a da, ita kuma ta ɗaure shi.

Da komai ya kammala ya ce ta shiga ta kulle ƙofar bayan. Tana ciki ta ji ya dafa ta, ya jijjiga, sannan ya sa kafaɗa ya bangaje ta da iya ƙarfinsa. Ko gezau. Ya kirawo mai walda, wanda ya ninka shi biyu, shi ma ya gwada har sai da ya ce wash. Ta buɗe ta same su suna dariya, Baba na murza kafaɗa. Ya ce mata kada ta ɗauka yanzu gidan ya gagari kowa, ba ƙofar da ba ta buɗuwa ga wanda ya samu lokaci. Abin da suka yi shi ne su sa aikin ya yi wa ɓarawo tsawo, ya yi ƙara, kuma a fili. Mai neman na banza ba ya son ko ɗaya daga cikin ukun nan. Sauran kuma a bar wa Allah.

Bayan mai walda ya tafi suka zauna a bakin sabuwar ƙofar, iska na shigowa ta lungun da aka sassare. Ta kawo masa ruwa ya wanke hannu. Ta daɗe tana juya maganar a baki kafin ta fito da ita.

"Baba, na ɗauka za ka ce in tattara in koma gida."

Ya goge hannuwansa da tsumma a hankali. Ya ce ai da maganar ya taso, tun daga gida take bakinsa, a mota ma ita yake ta tisawa. Innarta ce ta raka shi har ƙofa tana cewa in ya kuskura ya buɗe baki da zancen nan, to ya nemi inda zai ci abinci. Amma ba tsoron Inna ne ya hana shi ba, ko da yake, ya ƙara da murmushi, shi ma ba abin rainawa ba ne.

"Na faɗa sau ɗaya, kin ba ni amsa," in ji shi. "Ban ji daɗi ba a lokacin. Jiya da na ga rubutun mijinki a jikin katakon nan, na ce gidan da aka auna tsayin yara a ƙofarsa ba a cewa mutum ya tashi daga cikinsa. Sai dai a gyara masa ƙofar."

Auta ta so ta yi godiya yadda ya kamata, da dogayen kalmomi da addu'a, amma duk suka tsere. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya ce amin, ya kau da kai yana kallon katanga, ya ce fitilar nan kamar ta ɗan karkata hagu. Ta ce shi ne fa ya ce ya isa. Ya ce to idonsa ne ya karkata.

Ta kama hannunsa na dama ta riƙe, kamar tana duba ƙurar da ta rage. Ta tambaye shi tun yaushe hannun ke rawa, da wane lokaci ya fi tsanani, da ko ya ga likita. Ya ce tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da likita. Ta ce shi ya san katako, ita ta san wannan, akwai likitan da ke duba irin haka, kuma ana samun sauƙi. Ya yi gunaguni, ya ce daga koya wa yarinya ɗaura noti sai ta zama uwar mutum. Amma bai janye hannun ba, kuma bai ce a'a ba.

Washegari ta raka shi tasha. Ta ɗauko jakar kayan aikin za ta rataya masa, ya ce ta mayar, nauyi take yi masa, kuma a can gida ba abin da take yi sai tara tsatsa. Ta shafa wa zarton mai lokaci-lokaci, kada kuma ta ba kowa aron sukudireban, ko Yayanta ne, musamman ma Yayanta.

A tasha motar ta kusa cika. Ya samu wuri kusa da taga, ta tsaya a waje tana ba shi saƙon gaisuwa ga Inna. Yaran mota na ta ɗaure kaya a sama. Sai ya yafito ta da hannu, ta matso, ya rage murya kamar mai tsoron na kusa da shi ya ji. Ya ce ƙofar ɗakin Innarta ta daɗe da sauka, sai an ɗaga ta ake rufewa, sakatar ƙofar gida ma ta yi sako-sako. Ya gwada ya kasa. Kiran wani kafinta kuwa ya shigo gidansa ya gyara masa ƙofa, a garin da rabin ƙofofin shi ya haɗa su, abin ya yi masa nauyi. Inna kullum sai ta yi mita.

Auta ta ce ranar hutunta mai zuwa tana tafe, ya tanadi sabulu. Ya ce ta taho da dogayen notinan da suka rage, suna cikin aljihun jakar na gefe. Direba ya tayar da mota. Ta tsaya har suka fice daga tashar, sannan ta juya ta nufi kanti, don ta riga ta makara, kuma da yamma akwai ƙofar Maman Biyu tana jira.